Bugun zuciya da fargaba bayan fara maganin tayirod: nazarin lamarin wata malamar makaranta a Gombe

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti cikin garin Gombe, a sashen da ake duba marasa lafiya su koma gida. Matar da wannan rubutu ya shafa ta yarda in ba da labarinta ba tare da suna ba. Na fara ganinta ranar 24 ga Disamba 2024. Abin da ya faru kafin nan na tattaro shi daga bakinta da bakin mijinta, da kuma takardun gwaji da take yawo da su a cikin wata baƙar leda.

Kafin a gano ciwon: 2022 zuwa Oktoba 2024

Shekararta 39, 'ya'yanta biyar, tana koyarwa a wata firamare. Tun wajen 2022 ta fara jin kasalar da barci ba ya kawar da ita. Nauyinta ya tashi daga kilo 61 zuwa 70 alhali cin abincinta bai ƙaru ba. Sai ta yi kwana uku ko huɗu ba ta zaga ba. Fatarta ta bushe, gashi yana zuba a mataji, murya ta dushe har yaran bayan aji ba sa jin ta. A watan Afrilu, lokacin da mutanen Gombe ke kwana a tsakar gida saboda zafi, ita da rigar sanyi take kwana. Al'adarta kuma ta koma kwana takwas zuwa tara, jini yana zuba da guda-guda.

An yi mata maganin taifot sau uku, na zazzaɓin cizon sauro kuwa ba ta san adadi ba. Don ta iya kai ƙarshen darasi sai ta koyi cin goro, ita da a da ko warinsa ba ta so. Daga ɓari ɗaya ta kai goro biyu a yini, ga shayi mai kauri safe da yamma.

An fara magani: 4 da 5 ga Nuwamba 2024

Wani likita ne ya lura da kumburin fuskarta da yadda maganarta ke fita a hankali, ya tura ta gwajin tayirod. Tayirod wata 'yar halitta ce a gaban wuya, ƙasan maƙogwaro, siffarta kamar malam-buɗe-littafi. Ita ce ke kumbura ta zama maƙoƙo. Tana fitar da sinadarin da ake kira T4, wanda ke ƙayyade saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, motsin hanji, har da kaifin tunani. Akwai wata halittar a gindin ƙwaƙwalwa da ke aika mata umarni da wani sinadari mai suna TSH. In tayirod ta yi sanyi, TSH sai ya yi ta hawa, kamar uwar da ke ƙara ɗaga murya ga yaron da ya ƙi tashi.

A yawancin ɗakunan gwaji, TSH na mai lafiya yana tsakanin 0.4 da 4.0. Nata ya nuna 48, T4 kuma yana ƙasa. Aka rubuta mata lebotairoksin, ƙwayar da ke maye gurbin T4 ɗin da jiki ya rasa, maikrogiram 100 kowace safiya, aka ce ta dawo bayan mako shida. Lissafin da likitoci ke bi ga babba mai ƙarancin shekaru wanda ba shi da ciwon zuciya shi ne kimanin maikrogiram 1.6 ga kowane kilo na nauyinsa, don haka 100 bai wuce ƙa'ida ba ga mai kilo 70. Ba a auna yawan jininta a ranar ba. Ba a kuma tambaye ta goro ko shayi ba. Ta fara sha ranar Talata, 5 ga wata.

Kwana na goma: 14 zuwa 27 ga Nuwamba

Makon farko ba ta ji komai ba. A rana ta goma tana rubutu a allo sai ta ji zuciyarta tana lugude har cikin kunnuwa, alli yana rawa a hannunta. Ta zauna, ya lafa. Da dare ya dawo. Ga yadda ta kwatanta min: "Sista, kin san yadda gabanki ke faɗuwa in an buga ƙofa da tsakar dare? To haka nake wuni, kuma ba wanda ya buga ƙofar."

Barci ya gagara. Ta fara tsoron zama ita kaɗai a ɗaki, tana yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, sannan ta koma ta yi kuka. Mai kemis na unguwarsu ya auna hawan jini ya ga lafiya lau, ya ce olsa ce ke taso mata, ya ba ta farin ruwan maganin olsa da ƙwayar barci.

Ranar 18 ga wata ta daina shan lebotairoksin da kanta. Washegari bugun yana nan, wanshekare ma haka. Wannan ya sa duk gidan suka yanke cewa ba maganin ba ne, tunda ga shi an daina abin bai daina ba. Surukarta ta ce wa ɗanta, "Wannan ba ciwon asibiti ba ne, iska ce, a nemo malam." Aka yi ruƙiyya kwana uku, aka kawo rubutu da hayaƙi. Wajen 25 ga wata bugun ya lafa, ta samu barci.

Akwai abin da ya kamata a sani game da wannan magani a nan. Ba ya fita daga jiki da wuri. Sai an yi kimanin kwana bakwai kafin rabin abin da ke cikin jini ya ragu. Wanda ya daina yau zai ci gaba da jin tasirinsa har mako ya zagayo. Daga 18 zuwa 25 ga wata kwana bakwai ke nan.

Komawa kan magani da gwaji kafin lokaci: 28 ga Nuwamba zuwa 22 ga Disamba

Da hankali ya kwanta, mijinta ya ce tunda an yi maganin iskar, ta koma kan maganin asibiti, kada kuɗin gwaji ya tafi a banza. Ta koma kan 100 ranar 28 ga Nuwamba. Bugun ya soma dawowa a mako na biyu, ta daure ba ta faɗa ba, don ba ta son a sake tara mata mutane a ɗaki.

Ranar 12 ga Disamba ta je wani ƙaramin asibiti kusa da gida, saboda layin babban asibiti yana cinye mata ranar aiki. Lissafinta shi ne an kusa cika mako shida da fara magani. Ba ta ambaci kwana goman da ta yi ba ta sha ba, ba a kuma tambaya ba. TSH ya nuna 31. Wanda ya duba ta ya ga lamba tana sama, ya ƙara magani zuwa 150. Ta ce masa gabanta yana faɗuwa, ya ce damuwa ce, ta rage tunani.

TSH ba ya sauka nan take. Bayan an fara magani ko an canja adadinsa, ana jira mako shida zuwa takwas na sha ba fashi kafin lambar ta tsaya inda za ta tsaya, kuma ga wanda ya daɗe da ciwon takan ma fi haka jinkiri. A ranar da aka yi wannan gwaji, kwana 14 kacal ta yi tana sha a jere.

Daren 23 ga Disamba da washegari

Ana tsakiyar hunturu, kowa ya ƙudundune, ita kuwa ta farka wajen ƙarfe biyu zufa ta jiƙa mata riga. Numfashi yana yi mata wuya, yatsunta sun ɗauki sanyi suna tsira. Ta tashi mijinta ta fara yi masa wasiyya a kan yara. Maƙwabci ya kawo su asibitinmu a mota.

Bugun zuciyarta 128 a minti, inda na babba a zaune yake tsakanin 60 da 100. Hawan jini 128 bisa 78. Gwajin ECG ya nuna zuciya tana gudu amma a kan tsari, ba ta shiga rikicewar nan ta bugu ba bisa ƙa'ida ba, wadda ita ce babbar abar tsoro in maganin tayirod ya yi yawa, musamman ga tsofaffi. Gwajin juna biyu ya nuna ba ta da ciki.

Da safe aka turo ta wurinmu. Da na ja fatar idonta ƙasa, cikin fari fat. Tafin hannunta ma haka, faratanta sun yi laushi sun ɗan lotsa a tsakiya kamar cokali. Na tambaye ta ko tana sha'awar cin wani abu da ba abinci ba. Ta sunkuyar da kai ta ce farar ƙasa, tun bara, a ɓoye.

Sakamakon ranar: himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, 8.4, alhali na mace ya kamata ya kai 12. PCV, ma'aunin yawan jini, kashi 26 cikin ɗari. Feritin, wato ma'aunin ƙarfen da jiki ya adana, 7 kacal. TSH 14. T4 yana 21 a ma'aunin da iyakarsa ta sama 22 ce. Likitar da ta duba ta ta yi tambayoyi masu yawa a kan haihuwarta ta ƙarshe: ko ta zubar da jini sosai, ko ruwan nono ya ƙi zuwa, ko al'ada ta ɗauke daga nan. Dalili shi ne zubar jini mai yawa wajen haihuwa kan lalata halittar nan ta gindin ƙwaƙwalwa, kuma mai irin wannan matsala in aka ba ta maganin tayirod kafin a gyara wani sinadarin da take rasawa, tana iya faɗawa cikin haɗari. Amsoshin duk a'a ne, kuma hawan TSH ɗinta ya nuna halittar tana aiki. Wani gwajin da aka aika daga baya ya tabbatar da cewa garkuwar jikinta ce ke cin tayirod ɗin, cutar da wani likitan Japan mai suna Hakaru Hashimoto ya fara bayyanawa a 1912. Ba rashin aidin ba ne, wato sinadarin da ake sa wa gishiri don hana maƙoƙo, kamar yadda mijin ya zata. Gishirin gidansu mai aidin ne, irin wanda ya zama ruwan dare a Najeriya tun shekarun 1990.

Sabon tsari: 26 ga Disamba zuwa 6 ga Fabrairu 2025

Likita ta ce a huta kwana biyu, sannan a koma kan maikrogiram 50. Bayan ta tabbatar ba ta da asma, ta ba ta ƙaramin adadin firofiranolol na ɗan lokaci, don ya rage gudun zuciya da rawar hannu kafin abin da ya taru a jini ya sauka. Ta ƙara da jar ƙwayar ƙarin jini irin wadda ake ba masu ciki, ta tura ta wurin likitan mata kan zubar jinin. Ƙwayar barci da ruwan olsa aka ce a ajiye.

Zaman da ya fi tsawo shi ne wanda muka yi ni da ita da mijinta. Ta ƙi yarda ta sake haɗiye ƙwayar. Ta ce, "Sista, ko ganinta na yi gabana faɗuwa yake." Na ɗauko takarda na jera mata kwanakin: ranar da ta fara, ranar da bugu ya zo, ranar da ta daina, ranar da ya lafa, ranar da aka ƙara. Mijin ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Ashe duk abin a jere yake." Ban ce musu su bar addu'a ba, ba kuma zan ce ba. Na roƙi mijin ya kai wa mahaifiyarsa wannan takarda ya karanta mata, don maganar ta fito daga bakin ɗanta.

Na koya mata ƙirga bugun zuciya a wuyan hannu da agogon waya, sau biyu kawai a yini, safe da dare, ta rubuta a bayan littafin darasinta. Na faɗa mata abubuwan da in ta gani ta taho ko da tsakar dare ne: ciwon ƙirji, suma ko jiri mai kayar da mutum, numfashi da ƙyar a zaune, ko bugun da ke tsalle ba tsari.

Mako biyu bayan haka ta dawo, bugu 92. Na ce ta zazzage min ledar magani ta nuna min yadda take sha. Sai ga shi tana haɗa lebotairoksin da jar ƙwaya ta kora da shayi mai madara, duk a lokaci guda, don kada ta manta. Laifin namu ne, mun faɗa da baki a ranar da hankalinta ba ya jikinta, ba mu rubuta ba. Ƙarfen da ke cikin maganin ƙarin jini yana kama lebotairoksin a hanji ya hana shi shiga jiki. Haka kalsiyam da maganin olsa. Waken suya ma yana rage shigarsa, kuma awara ce abin karyawarta a makaranta. Shayi kuma yana hana ƙarfen kansa shiga. Muka ɗaura tsarin a kan salla: lebotairoksin da ruwa zalla in ta tashi sallar asuba, karin kumallo bayan aƙalla rabin awa zuwa awa ɗaya, jar ƙwaya sai bayan la'asar, tazarar da ta wuce awa huɗun da ake buƙata. Ta kuma ɗauke maganin daga tagar kicin ta mayar da shi cikin durowa a ɗaki, don zafi da haske suna rage ƙarfinsa.

Goro ya fi ba ta wahala. Da ta yanke shi gaba ɗaya ta yi kwana uku da ciwon kai, ta koma. Sai muka bi a hankali, ɓari ɗaya da safe, har ta bari a ƙarshen Janairu. A daidai lokacin likita ta janye firofiranolol sannu a hankali.

Ranar 6 ga Fabrairu: TSH 17, himogulobin 10.3, bugu 84. Aka ƙara zuwa 75. Ta yi kwana biyu tana jiran lugude, bai zo ba.

Azumi: Maris 2025

An ɗauki azumi ranar 1 ga Maris. Likita ta ce ba abin da zai hana ta. Tunda dama ita ke tashi wajen uku da rabi ta ɗora sahur, sai ta riƙa shan ƙwayar da zarar ta sauko daga gado, kafin a zauna ci an yi kusan awa ɗaya. Jar ƙwaya ta koma bayan asham.

Sau ɗaya aka samu tangarɗa, a mako na uku, ranar da ta dawo daga makaranta a ƙafa cikin rana. Ta kira ni muryarta na rawa, ta ce abin ya dawo. Na ce ta zauna a inuwa ta ƙirga muna kan waya. Ta samu 96, a kan tsari. Bayan minti goma 88. Da aka sha ruwa ya sauka. Ba a taɓa magani ba.

Inda aka tsaya: Afrilu da Mayu 2025

Ranar 3 ga Afrilu, bayan ƙaramar salla, TSH 7.2, himogulobin 11.8. Al'adarta ta dawo kwana biyar. Likita ta ce za a koma 100. Malama ta gane kwalin tun kafin in miƙa mata, ta janye hannu. Muka sake buɗe littafin ƙirgarta, shafi uku na lambobi tsakanin 76 da 88, sannan ta karɓa.

Ranar 22 ga Mayu: TSH 2.6, himogulobin 12.4, bugu 76, nauyi kilo 66. Ta daina cin farar ƙasa ba tare da an hana ta ba. An ce ta ci gaba da jar ƙwaya wata uku don ajiyar ƙarfe ta cika, ta dawo gwaji bayan wata shida, kuma in ta ga alamar ciki ta zo a makon, don mai ciki tana buƙatar ƙarin wannan magani tun daga farkon watanni.

Abin da na gani a lamarin

Adadin da ya hana ta barci a Nuwamba shi ne dai ya zauna mata daidai a Mayu. Ƙwayar ba ta canja ba, jinin da ta tarar ne ya canja. Mai himogulobin 8.4 zuciyarta dama aiki biyu take yi don ta kai iska ga jiki, sai dai sanyin tayirod ya danne gudun, ya ɓoye shi. Da aka zuba cikakken adadi a lokaci guda, jiki ya farka yana neman iskar da jinin ba zai iya kawowa ba, kuma sinadarin tayirod yana sa zuciya ta ƙara jin adirenalin, sinadarin da ke tashi lokacin firgita. Ga goro biyu da shayi a kai. Fargabar da take ji ba ƙirƙira ba ce, ba kuma yawan tunani ba ne. Jikinta ne ke yin duk abin da jikin mai firgita ke yi, ita kuma ta rasa dalili.

A ganina rubuta 100 a ranar farko ba kuskure ba ne a lissafi, amma macen da ta ce jini yana zubar mata kwana tara ta cancanci a auna jininta kafin ta fita daga ɗakin, gwajin da ya fi na tayirod araha nesa ba kusa ba. Da an ga 8.4 tun ranar, mai yiwuwa da an fara da 25 ko 50 tare da ƙarin jini. Abin da ya fi cutar da ita shi ne ƙarin 12 ga Disamba, inda aka bi lamba aka bar mai lambar tana cewa gabanta yana faɗuwa. Tambaya ɗaya, ko ta taɓa fashin sha, da ta wadatar.

Dainawar da ta yi ba na ganin laifinta a ciki. Ba wanda ya gaya mata cewa bugun zuciya na iya zuwa, ko wa za ta kira in ya zo, ko cewa maganin yana kwana bakwai a jiki bayan an ajiye shi. Surukarta ma ta yi hukunci ne da abin da idonta ya gani: an daina magani ciwo bai tafi ba, an yi ruƙiyya ya tafi. Mu da muka san lissafin kwanakin ne ba mu kai shi gidan ba sai da aka kwana a asibiti.

Abin da ya fi daɗewa bai warke ba shi ne tsoron. Bugu ya daidaita tun Janairu, amma har Afrilu tana janye hannu daga kwali. Na tabbata littafin ƙirgar nan ya yi mata aikin da maganata ba ta yi ba, domin lambobin da hannunta ta rubuta su. Tun daga lamarinta, duk wanda aka fara wa wannan magani a sashenmu ina ja masa fatar ido in duba, in tambaye shi goro da shayi, in kuma rubuta masa a bayan katinsa lokacin sha, ranar gwaji ta gaba, da alamu huɗun da za su sa ya dawo ba jira.